Kalmasar da Malam Ya Hana a Yanke

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ba wanda Ya so, Mai hana wanda Ya so, wanda babu mai tuhumarSa a kan bayarwa ko hanawa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan ɗaya ce daga cikin karamomin Shehinmu, malaminmu, fitilar Ƙofar Kibo, masanin da ilimi bai kumbura shi ba, mai tsantsenin da ko ɓarin goro ba ya kai wa baki sai ya san inda ya fito, Allah Ya yi masa rahama, Ya sa kabarinsa ya fi zaurensa haske. Ba zan faɗi sunansa ba, domin ko da ransa ba ya son a yi ta yawo da sunan nan, kuma duk wanda ya taɓa shan ruwan randar zauren ya san wanda nake nufi. Wanda bai sani ba kuwa, sunan ba zai ƙara masa komai ba. Mutum ne da ya haɗa fiƙihu da lugga da sanin zukatan bayi, ya yi shekaru yana karantarwa a kan buzu ɗaya har gashin buzun ya ƙare, bai taɓa kafa allo a bakin titi da lambar waya ba, irin na malaman yanzu masu warkar da cututtukan da su kansu ba su iya faɗin sunayensu. Magana kaɗan gare shi, ita ma a hankali, sai ka miƙa wuya kafin ka ji.

Zauren Malam bango ɗaya ne ya raba shi da shagon Jumare tela, kuma bangon ƙasa ba ya iya riƙe magana. Saboda haka mu da muka yi karatu a wurin, karatun ya shiga kanmu ne tare da ƙarar keken ɗinki, har yau in na ji ana taka keke sai wani babi na tsarki ya faɗo mini a rai. A zamanin nan unguwar cike take da teloli da masu aikin hannu, duk zauren da ka leƙa sai ka ga wuyan riga shimfiɗe a gwiwar wani, ana hira ana soka allura, ba mai sauri, ba mai duba waya. Keke kuwa abu ne mai yawan laulayi, yau bel ya tsinke, gobe ya ƙi cin zaren ƙasa, kuma likitansa a unguwar mutum ɗaya ne: Istifanus, mutumin Wusasa, Bahaushe Kirista jikan Kirista, wanda birni kaf ba a san shi da wannan suna ba sai Bahago, domin da hagu yake riƙe sukudireba, da hagu yake cin tuwo, duk faɗan da aka yi masa yana yaro.

Da hantsi yake shigowa ta Ƙofar Kuyambana a kan tsohon kekensa na hawa, da akwatin katako ɗaure a baya, kuma tun kafin ka gan shi za ka ji shi, don bakinsa ba ya rabo da waƙoƙin majami'arsu. Yana warware kan keken ɗinki yana rerawa, yana ɗiga mai yana rerawa. Jumare yakan ce masa, "Bahago, sassauta murya, kada ka karya mana alwala." Shi kuwa ko kai ba ya ɗagawa sai ya ce, "Alwalar da waƙata za ta karya, Jumare, da ma can da tsagarta ta zo." A yi dariya, a miƙa masa goro. Faɗansa da teloli ɗaya ne kullum, har mu na bayan bango mun haddace shi: "Kada ka ja yadi. Kai dai riƙe, ka taka, haƙoran keke su ne masu tafiya da shi. Ka ja, allura ta karye, sannan ka aiko a kira ni ka ce keke ne marar kirki." In ya zo wucewa ta ƙofar zauren Malam kuwa, sauka yake yi, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Allah gafarta Malam." Malam ya amsa, ya tambaye shi mai ɗakinsa Hannatu, da 'yarsu Rifkatu, wadda ita kaɗai Allah Ya ba su. Shekara da shekaru iyakarsa ke nan, bakin ƙofa. Bai taɓa shiga ba, ba a kuma taɓa ce masa don me ba.

Hannatu ita ma tela ce, a cikin gida take ɗinka wa matan Wusasa. Wata shekara ciwo ya kama ta a ciki, irin wanda ke cin mutum yana tsaye. Bahago ya yi asibiti, ya yi addu'a, ya yi azumi irin nasu har wandonsa ya daina zama a ƙugu. Ana cikin haka wani mai wa'azi ɗan yawo, ba faston majami'arsu ba, irin masu zuwa da lasifika su koma da kaji, ya same shi ya ce kuskurensa ɗaya ne: yana cewa "in Ka yarda" a cikin addu'a, wannan kuwa shakka ce, ya yanke wa Ubangiji rana, ya tsaya a kanta, zai ga aiki. Irin waɗannan mutane ba addini ɗaya ne ya tara su ba, mu ma muna da namu, rawani ne kawai ya bambanta su da masu kwat. Bahago, da yake ya matsu, ya yanke rana, wata Lahadi, har ya gaya wa Hannatu cewa ranar da ƙafarta za ta shiga majami'a. Ta kuwa shiga majami'ar a makon nan, amma a kafaɗun mutane, cikin akwati. Mai wa'azin bai ma ji kunyar zuwa gaisuwa ba, har ya ja shi gefe ya ce masa da bangaskiyarsa ta cika da ba a yi haka ba.

Tun daga ranar bakin Bahago ya mutu. Yana zuwa aiki, yana gyara, yana karɓar goro, amma waƙa ta ɗauke kamar an rufe famfo, addu'a ma haka, ko ta cin abinci. Yakan je majami'a saboda yarinya, ya zauna a bencin baya, in an ce a sunkuya ya sunkuya yana kallon takalmansa. Jumare ya tsokane shi har ya gaji, wata rana ya ce, "Don Allah yi mana ko baiti ɗaya, alwalar ta karye, ai ruwa bai ƙare a rijiya ba." Bahago ya ce, "Miƙo mini kwarkwaron zaren can," ya ci gaba da aikinsa. Mu ma a wannan gefen bango mun ji shirun, kuma Malam yakan dakata a tsakiyar karatu in ana gyara a shagon, kamar mai sauraron abin da ya ƙi zuwa.

A damina ta biyu da rasuwar Hannatu, zazzaɓin taifot ya kama Rifkatu, tana 'yar firamare, ya huda mata hanji. Aka yi mata aiki, aka sake yi. Likitoci sun yi iyakar yinsu, ba mai ɗora musu laifi. Daga ƙarshe babbansu ya dafa kafaɗar Bahago ya ce ya koma da ita gida, ga magani ya ci gaba da ba ta, sauran kuma sai addu'a. Kalmar da ba ya son ji ke nan. Ya kawo ta gida, ta kwanta kamar tsinke a kan gadon uwarta, ba magana, ba ci, ido a rufe, sai numfashi sama-sama. Matan majami'a suka riƙa zuwa da kwanuka, shi kuwa ya karɓa daga bakin ƙofa ya mayar da ƙyaure.

A nan sai an yi wa wanda bai zauna da Kirista ba bayani. Mu in mutum ya cika, farin ƙyalle ne, mai kuɗi da talaka. Su kuwa tufafi suke sa wa mamacinsu, mafi kyawun abin da ya mallaka, su kwantar da shi a akwati kamar mai shirin fita unguwa. Rifkatu ba ta da wata rigar kirki, duk sun yi mata kaɗan. Amma a kusurwar ɗakin akwai keken Hannatu, rufe da tsohon zane tun ranar da ta tashi daga kansa, kuma a ƙarƙashin allurar akwai wata farar riga da ta fara yi wa 'yarta ta Kirsimeti, ta gama wuya, ta zagaye shi da shuɗin zare, saura gefe da ƙasa. Bahago, mai gyaran kekunan birni duka, bai taɓa yarda ya ɗaga zanen nan ba. Ran nan da safe ya ɗaga. Ya zare rigar, ya gwada a jikin yarinya tana kwance, ya ga uwar ta bar tsawo mai yawa a ƙasa, yadda iyaye mata ke yi don a kalmashe, duk shekara a saki kaɗan. Ya ɗauki alli ya ja layi daidai idon sawun Rifkatu, inda zai yanke ya zubar da sauran. Ya nemi farin zare a ɗakin bai samu ba. Sai ya roƙi wata tsohuwa maƙwabciyarsa ta zauna da yarinya, ya ninke rigar ya mayar ƙarƙashin zane, ya hau keke ya nufi birni, bai gaya wa kowa abin da zai ɗinka ba.

Jumare ya ba shi zare, ya tambaye shi mai jiki, ya ce da sauƙi, yadda kowa ke cewa ko da mai jikin yana gargara. Ya fito, ya zo ƙofar zauren Malam, ƙafarsa ta sauka daga keke don sabo, ya durƙusa, amma gaisuwar ta ƙi fita. Sai kawai ya cire takalmi ya shigo.

An gama darasin hantsi, mun rage 'yan kaɗan. Cikinmu akwai Zaharaddini, babban ɗalibin Malam, ma'aikacin sakatariya, mutumin kirki amma mai gaggawar neman lada. Bahago ya zube a gaban buzu ya ce, "Allah gafarta Malam, Rifkatu ce. Asibiti sun sallamo mu. Na roƙa a wurinmu an ƙi ni, kai ka roƙa mini a wurinku. In ta tashi, na yi alkawari ni da ita za mu shigo addininku, ka sa mini sunan da ka ga dama."

Zaharaddini ya yi kabbara ƙasa-ƙasa, ya gyara zama, ya ce, "Allah gafarta Malam, a laƙƙana masa kalmar shahada tun yanzu mana, kafin ya fita iska ta kaɗa shi."

Malam bai dube shi ba. Ya dubi Bahago, ya kira shi da sunan da ba mai kiransa da shi a birni. "Istifanus, wurinmu da wurinku Mai shi ɗaya ne, kuma ba a kai Masa jingina. Ranar da ka zo da ƙafarka, 'yarka tana wasa a tsakar gida, ƙofar nan ba ta da sakata. Yau ba kai ka zo ba, ciwo ne ya koro ka."

Akwai masu karanta wannan su ɗaure fuska, su ce yaya malami zai ga rai ya kawo kansa ya mayar da shi. To su sake karantawa. Mutumin nan ba imani ya kawo ba, sharaɗi ya kawo. Kuskuren da ya yi a kan matarsa shi ya ɗauko, ya sauya masa riga, ya kawo zauren Malam. Wanda bai ga wannan ba ya bar wa masu gani.

Malam ya ce, "Gaya mini yadda ka roƙa wa Hannatu." Bahago ya kwashe duka ya faɗa, da ranar da ya yanke, da abin da mai wa'azi ya ce masa a wurin gaisuwa. Malam ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ce, "Wannan ba roƙo ba ne, sammaci ne. Kuma ba ƙarancin bangaskiyarka ne ya kashe ta ba, kwananta ne ya ƙare. Sauke wannan kaya, ba naka ba ne." Ya ɗan gyara carbinsa. "Na taɓa yin ɗa, Suhaibu. Na roƙa masa har muryata ta dushe. Da hannun nan na sa shi a kabari, kuma har yau ba a gaya mini dalili ba. Da gari ya waye na koma na ci gaba da roƙo, don ban san wata ƙofar ba."

Mu da muka yi shekaru a gabansa ba mu taɓa jin sunan nan daga bakinsa ba sai ranar, kuma saboda Kirista mai gyaran keke aka faɗe shi.

Bahago ya ce, "To me zan ce Masa, Malam? Ni fa fushi nake yi da Shi."

Zaharaddini ya yi a'uziyya. Malam ya ce, "To da wannan za ka fara. Ya riga Ya sani, kai ne ba ka faɗa ba. Sannan ka faɗi abin da kake so ba kwana-kwana, a bar maka 'yarka. Sannan ka yi shiru, kada ka sa Masa rana. Da kalmomin da uwarka ta koya maka za ka yi, ba da nawa ba. Ka buɗe wa matan nan masu kwanuka ƙofa, ka kira fastonku ya zauna da kai. Maganin likita kuma kada ya tsallake lokacinsa."

Bahago ya yi godiya, ya yunƙura zai tashi, sai Malam ya ƙara da cewa, kamar mai tuna masa saƙon cefane, "Rigar nan mai shuɗin zare a wuya. Layin allin da ka ja da safe, kada almakashi ya bi ta kansa. Uwarta ta bar tsawon nan da nufi. Kalmashe shi ciki."

Bahago ya koma ya zauna daɓas. Farin zaren da ke aljihunsa, in mai gardama ya so, ya ce ta bango Malam ya ji an karɓa. To shuɗin wuyan fa? Layin allin fa, da aka ja a cikin ɗaki a Wusasa, ƙofa a rufe, ba kowa sai yarinyar da idonta ke rufe? Malam kuwa, Allah Ya ƙara masa yarda, rabonsa da fita bayan ganuwa tun dawowarsa daga Hajji. Wannan shi ne kashafi: Allah Yana yaye wa bayinSa na gari labule a kan abin da Ya so, a lokacin da Ya so, ba don a tafa musu ba.

"Malam," in ji Bahago, "rigar akwati ce fa. Wanda ke cikin akwati ba ya ƙara tsawo."

"Na sani. Kalmashe duk da haka."

"Ke nan za ta tashi?"

"Wannan ba a nuna mini ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Kai naka ɗinki ne, tsawon mai riga ba a hannunka yake ba. Shekara nawa ina jin ka ta bangon nan kana hana Jumare jan yadi? Riƙe, ka taka."

Sannan ya ɗaga hannuwansa masu albarka, muka ɗaga, ya yi addu'a gajera wadda ba ta kai tsawon shan kofin ruwa ba, ya ambaci Rifkatu 'yar Hannatu da sunanta, ya roƙa mata lafiya, ya roƙa wa ubanta buɗewar baki. Muka shafa. Bahago bai shafa ba, amma amin ɗin da ya ce ita ce kalmar addu'a ta farko da ta fito daga bakinsa tun ranar da aka rufe matarsa.

Ya isa gida wajen la'asar, hadari ya haɗo ta gabas. Yarinya tana yadda ya bar ta. Ya sallami tsohuwa, amma bai mayar da ƙyaure ba, ya ce ta biya ta gaya wa fasto da matan nan su zo. Ya goge keken Hannatu, ya ɗiga masa mai, ya juya ya ji ya saki. Ya shimfiɗa rigar, ga layin alli, ga almakashi a hannun hagu. Daga baya ya gaya mana bai taɓa ɗaukar abin da ya kai wannan nauyi ba. Yankewa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, don wanda ya yanke ya gama, ba abin da za a sake ƙwace masa. Wanda ya kalmashe kuwa ya sake buɗe ƙirjinsa ga duka na biyu. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ajiye almakashi, ya sa babban yatsa ya goge allin, ya ninka yadin ciki, ninki mai zurfi, ya danne da farce.

Ya zauna ya fara takawa, ya buɗe baki, abin da ya fito ba irin addu'ar da ake koya wa yara ba ce. "Ka ɗauke Hannatu," in ji shi. "Na yi azumi, na yi kuka, Ka ɗauke ta. Ina fushi da Kai, kuma ban san inda zan kai ƙararKa ba sai wurinKa." Hawaye suka rufe masa ido, ƙafa ta ƙara sauri, hannu ya finciki yadi, sai ƙas, allura ta karye. Shi Bahago, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana yi wa teloli tsiya a kan wannan. Ya dubi guntuwar allurar, sai dariya ta kama shi a tsakiyar kuka. Ya sa wata, ya zura zare, ya ce a hankali, "Ka bar mini Rifkatu. Abin da nake so ke nan, ba ni da wani. Ban sa Maka rana ba. In Ka yarda." Ya riƙe, ya taka, yadi ya tafi da kansa. Bai san lokacin da waƙa ta dawo ba. Ya dai ji ana rera wadda Hannatu ke so, sai ya ga ashe daga bakinsa take fitowa, ruwa kuma ya sauko a kan kwanon rufi yana yi masa amshi.

Daga kan gado wata 'yar murya ta ce, "Mama ce?"

Ƙafarsa ta tsaya. "Ni ne, Rifkatu."

Ta buɗe ido, ta daɗe tana kallon abin da ke ƙarƙashin allura. "Rigata ce?"

"Taki ce."

"Baba, ka karkata layin. Mama ba ta karkatawa." Ta haɗiyi yawu da ƙyar. "Akwai kunu?"

Matan majami'a suna bakin ƙofa da kwanukansu, sun jiƙe sharkaf, kuma a cikin kwanukan akwai kunu.

Ba a ranar ta miƙe ta yi tsalle ba, kamar yadda masu ƙara wa labari gishiri suke faɗa. Karamar Malam ba ta bukatar ƙaryar kowa. Sannu a hankali ta dawo, daga cokali zuwa ludayi, daga zama zuwa dafa bango. Da aka mayar da ita asibiti, likitan da ya dafa kafaɗar ubanta ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Da Kirsimeti ta sa rigar ta tafi majami'a da ƙafarta, layi a karkace.

Ranar da Bahago ya dawo birni mun jiyo shi tun daga kan kwana. Jumare ya fito ƙofar shago yana cewa, "Shi ke nan, alwalarmu ta shiga uku." Bahago ya durƙusa a bakin ƙofar zaure inda ya saba, riƙe da jan zakara, bai ce komai ba tukuna Malam ya ce, "Ka karya allura." Ya ce, "Guda ɗaya, Allah gafarta Malam." Malam ya yi murmushi ya ce, "Ka yi ƙoƙari. Ni na karya fiye da haka. Zakaran kuma a mayar, a yi wa mai jiki romo." Masu tsare mutum suna tambaya ko ya musulunta daga baya, amsa ita ce a'a, yana nan a majami'arsa, ya ma koma bencin gaba. Shiriya ba a hannun Malam take ba, balle hannun masu tambaya.

Shekaru suka shuɗe. Teloli suka ragu, ɗinkakkun kaya suka cika kasuwa, Jumare ya riga mu gidan gaskiya, shagonsa ya zama wurin cajin waya. Sai ciwon ajali ya kama Malam. Mun yi sauka, mun yi sadaka, mun yi abin da ya koya mana, wasunmu har da abin da bai koya mana ba. Allah Ya karɓi abinSa wata Alhamis da hantsi, daidai lokacin darasi. A zaman makoki Zaharaddini, da farin gemunsa, ya kasa riƙe kansa, yana ta maimaita cewa me ya rage ba mu yi ba, me ya rage. Sai ga Bahago, ya tsufa, ya daina hawa keke; Rifkatu ce ta kawo shi, ita ta wuce wurin mata riƙe da hannun 'yarta. Ya cire takalmi, ya shiga zauren karo na biyu a rayuwarsa, ya zauna kusa da Zaharaddini, ya daɗe yana duban buzun da ba kowa a kansa. Sannan ya ce, "Mu ma mun roƙa masa a majami'armu, duk Lahadi, da sunansa. An hana mu yadda aka hana ku." Ya juyo ya dubi Zaharaddini. "Gobe da safe sai mu koma, Malam Zaharaddini. Ni dai ban san wata ƙofar ba." Zaharaddini ya kama hannunsa, hannun hagun nan, ya riƙe, bai saki ba har aka yi kiran azahar.

Da suka fito za su tafi, muka ga 'yar Rifkatu da kyau. Farar riga ce a jikinta, ta ɗan yi ja don tsufa, shuɗin wuyan ya koɗe, a ƙasanta ga sawun tsofaffin kalmasa layi bisa layi, inda aka yi ta saki shekara bayan shekara har yadin ya ƙare. Yanzu an sake ninke shi ciki, ninki mai zurfi, don yarinyar ƙarama ce, tana da sauran tsawo a gaba.

Wannan kaɗan ne daga abin da idanu suka gani na Shehinmu, ma'abocin haƙuri da kashafi, wanda bai taɓa sayar da addu'a ba, bai kuma taɓa yi wa mai kuka alkawarin abin da ba a nuna masa ba. Ya Allah Ka jiƙansa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da Suhaibu a inuwar da ba ta gushewa. Ka ba mu albarkacinsa, mu da muka zauna a gabansa da waɗanda suka tsaya daga bakin ƙofa. Ka koya mana roƙo ba tare da mun sa Maka rana ba; in Ka ba mu mu gode, in Ka hana mu mu dawo da safe. Amin.